Filin Tambaya da Amsa: Wace kyamara zan saya dan hoton murjani a tankin kifi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni ina aiki ne a wani shagon sayar da kifin ado da murjani mai rai anan Jidda, kafilina ya ɗora min ɗaukar hoton kaya ina sakawa a Instagram da Snapchat saboda kwastomomi, to matsalar duk hoton da na ɗauka da waya sai ya fito shuɗi kamar an zuba bula, murjanin da ido ke gani kore da ruwan lemo sai ya koma wani abu daban, in na matsa kusa kuma ya dushe. Yanzu ya bani riyal 3,500 yace in nemo kyamara, wasu abokai sunce dole sai ful firem wasu sunce in sayi sabuwar iPhone kawai in huta. Dan Allah a bani shawara kar in yi asarar kuɗin mutane. Daga ɗan'uwanku a Jidda.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai ka cire maganar ful firem (wato kyamara mai babbar sensa, ɓangaren da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara) a ranka, da wannan kuɗin in ka saye ta babu abinda zai rage maka na lens, kuma a wannan aikin naka lens ne ke yin hoton. Tsohuwar kyamara ta hannu ta ishe ka, irinsu Canon 700D ko 80D, ko Nikon D5300, ko Sony a6000, duk sun kwana biyu a kasuwa (a6000 tun 2014 take) amma suna ɗaukar RAW (ɗanyen hoto da ake gyarawa daga baya a kwamfuta) kuma ana canza musu lens, abu biyun da kake buƙata kenan. Ƙaramar sensa ma riba ce gare ka, ta Canon faɗinta wajen milimita 22 ne, ta ful firem kuma 36, kaga abu ƙarami yafi saurin cika hoton a ƙaramar. Idan ka samu mai allon da ke juyawa yafi, saboda tankunan da ke ƙasa ba sai ka kwanta a tayil ba.

Mafi yawan kuɗin ka zuba shi a lens na makro na gaskiya, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, wanda aka rubuta 1:1 a jikinsa. Ma'anarsa abu mai faɗin santimita 1 zai sauka akan sensa da faɗin santimita 1 ɗin nan cif, shi yasa kan murjani guda ɗaya da bai kai farcen yatsa ba, yana iya cinye rabin hoto har ka ga bakinsa da ƴan gashin gefensa. Ka kiyayi masu sayar da zum 70-300 da aka rubuta makro a gefe, mafi kyawunsu 1:2 yake kaiwa kuma sai ka ja baya kusan mita guda, lens ɗin da ke zuwa da kyamara 18-55 shi kuma wajen 1:3 yake tsayawa.

To wane tsawo? Anan ne mutane da yawa ke faɗawa. Mai ɗaukar hoton fure ko zobe yana iya matsawa yadda yaga dama, kai kuwa gilashi ya tare ka, murjanin yana can ciki santimita 20 ko 30 ko ma fiye. Lens na 60mm irin EF-S na Canon yana da kyau kuma yafi araha, amma kafin ya baka 1:1 sai bakinsa ya zo kusan santimita 9 da abin, wato sai murjanin da ke manne da gilashin gaba kawai zaka mora. Na 90 zuwa 105mm kuwa yawanci yana barin tazarar wajen santimita 14 ko 15, kuma ruwa na taimaka maka domin yana karya haske, abinda ke nisan santimita 20 a cikin ruwa lens na ganinsa kamar yana 15. Saboda haka ka nemi Canon 100mm f/2.8 (wanda babu jan zobe ma ya isa, mai jan zoben na 2009 abinda ya ƙara mafi girma shine hana girgiza, kai kuma akan maɗori mai ƙafa uku zaka ɗora kyamarar), ko Tamron 90mm, ko Sigma 105mm, ko Nikon 105mm, ko Sony 90mm in kuɗin ya kai. Gaskiya tsakanin waɗannan bambancin kaifi ba wani abu bane da kwastoma zai gani a Instagram, wanda ka samu mai lafiya da farashi mai sauƙi ka ɗauka. Abu ɗaya dai ga mai Nikon, su D3000 da D5000 da ƙannensu, har da D5300 ɗin da na ambata, basu da motar fokas a jiki, in ka haɗa su da Tokina 100mm ko tsohon Tamron fokas da hannu zaka dinga yi. Wannan ba damuwa bane ga murjani tunda baya gudu, amma ka sani kafin ka biya.

Wani zai ce maka sayi zoben ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da lens, yana da arha. Eh yana ƙara girman abu, amma ta hanyar tilasta maka matsawa kusa, kai kuma matsawar ce baka da ita. Makron iPhone ma haka, tun 13 Pro yake amma sai waya ta kai santimita 2 da abu yake aiki sosai.

Yanzu maganar shuɗi, wadda ita ce ainihin ciwon kan naka kuma sabuwar kyamara ita kaɗai ba zata warkar da shi ba. Fitilun tankin murjani ana saita su da shuɗi sosai domin shine ke sa launukan murjani su yi ƙyalli, ana kwatanta hasken da 14,000 zuwa 20,000 a ma'aunin Kelbin, kyamara kuwa in ka shiga wajen daidaita fari yawanci a 10,000 take tsayawa. Kaga ta gaza tun kafin a fara. Mafita ka ɗauka a RAW kar ka yarda da JPEG, sannan ka gyara a kwamfuta, manhajar gyaran hoto ta Lightroom tana kai RAW har 50,000, in babu kuɗin biyansa akwai Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon da darktable duk kyauta ne. Ka danna ma'aunin fari akan yashin ƙasan tanki ko wani farin roba da ka nutsa a ruwan, daga nan ka ɗan gyara da ido. Idan fitilar shagon irin wadda ake sarrafawa da waya ce to ka sauƙaƙa wa kanka, lokacin hoto ka rage shuɗi ka ɗaga fari na ƴan mintuna, ka gama ka mayar yadda take. Akwai kuma filta ruwan lemo ko rawaya da ake maƙalawa, a waya tana aiki ƙwarai, ni da zaka fara gwada ta a wayarka tun yau kafin kyamarar ta zo da nafi so, domin bidiyon Snapchat dai da waya zaka ci gaba da yinsa.

Sai dai ka ji tsoron Allah wajen gyaran launi. Hoto na tallan kaya ne, in ka murɗa launi har murjani ruwan ƙasa ya koma ja, mutum zai taso daga Abhur ko Riyad ya zo ya tarar da wani abu daban, wannan algus ne kuma sunan shagon zai ɓaci. Ka ajiye allon kusa da tankin ka gyara har ya yi daidai da abinda idonka ke gani, ka tsaya nan.

Wajen ɗauka kuma, lens ya fuskanci gilashi miƙe sak. Ka karkata ko kaɗan hoton zai dushe gefen abubuwa ya yi jan layi da shuɗin layi, kuma duk kaurin gilashin duk munin abin, tankin da gabansa ke lanƙwashe kuwa kar ka wahalar da kanka. Goge gilashin ciki da waje tun da wuri dan dattin da ka tayar ya kwanta. Kashe injinan da ke kaɗa ruwa ka jira murjanin ya daina rawa, amma dan Allah ka saita ƙararrawa a waya, mantawa da su a kashe har a rufe shago zai iya kashe kayan da suka fi kyamarar tsada nesa ba kusa ba. Kashe fitilun shagon, sa baƙar riga dan kar farar jallabiya ta fito a gilashi, filasha kuma a barta a kashe. Kyamara akan ƙafa uku mai nauyi (wannan ma ka ware masa kuɗi), saita ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, buɗewar lens f/8 zuwa f/11, ISO (yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske) ƙasa ƙasa, fokas da hannu kana zuƙo hoton a allo. A 1:1 wurin da ke fita tar bai kai milimita 2 ba ko a f/11, saboda haka ka zaɓi baki ɗaya na murjanin ka sa fokas a kansa, in ka matse zuwa f/22 kuma hoton gaba ɗaya ne zai yi laushi. In kaga layi layi a hoto to fitilar LED ce ke ƙiftawa, rage saurin shata, wato ka bar kyamara ta ɗan ƙara daɗewa a buɗe lokacin ɗauka.

Tunda a shago kake nasan akwai tanki mara zurfi na ƴan gutsattsarin murjani. Wannan daga sama ake ɗaukarsa, da ɗan akwati mai gilashi a gindi da ake nutsawa kaɗan a ruwa, kuma daga saman ne launi yafi fita. Rataya igiyar kyamara a wuya kafin ka leƙa.

Wajen saye, na hannu akwai su a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da shagunan kayan hoto, sabo kuma ka tuna da harajin kashi 15. Kar ka tura kuɗi baka ga kaya ba. Ka haska fitilar waya ta cikin lens ɗin ka duba ko akwai wani abu mai kama da zare zare a gilashin ciki, fumfuna ce, raɓar Jidda na haifar da ita kuma in ta ci gilashi gyara ba lallai ya yiwu ba. Kai ma in ka saya kar ka bar shi ya kwana a ɗakin tankuna inda gishiri ke yawo a iska, goge shi ka sa a akwatin roba mai murfi tare da ƙullin silika mai shanye danshi.

TAMBAYA: Salam Malam. Maigidana ya haɗa tanki a falo, akwai wasu kifaye biyu ruwan lemo masu farin layi biyu da wani shuɗi mai rawayan wutsiya, yara na son hotonsu amma kullum a dushe suke fita. Muna da Canon 2000D da lens ɗin da tazo dashi. Sai na sayi makro nima? Daga ƴar'uwa a Makka.

AMSA: Hajiya ki riƙe kuɗinki, lens ɗin da kike dashi ya isa. Makro ma jinkirin fokas gare shi, kafin ya kama kifi ya wuce. Matsalarki saurin shata ne, ki juya maɓallin saman kyamarar zuwa Tv, inda ake zaɓar saurin shata, ki sa 1/250, ISO ki barshi ya hau 1600 ko 3200 ba komai, ɗan ƙuraje a hoto yafi dushewa sauƙi. Fokas ki sa AI Servo wanda ke bin abu mai motsi, ki danna ki riƙe ta ɗauka da yawa ki zaɓi ɗaya. Kar ki dinga bin kifi da kyamara, ki lura zaki ga kowanne yana da hanyar da yake bi da wurin da yake juyawa, ki tsaya nan ki jira shi, masu ruwan lemon ma basa nisa da gidansu. Ki ja labule, yara su zauna shiru kar su buga gilashi. In har kina son ƙari to 50mm f/1.8 ne, yana cikin mafi arha a lens ɗin Canon kuma yana shan haske sosai, zai yi miki hoton yaran ma da sallah. Daga yadda kika kwatanta su kamar masu ruwan lemon ƴan Bahar Maliya ne, wato ƴan gida.

TAMBAYA: Malam akwai wadda zan iya tsomawa cikin tanki kuma in shiga teku da ita ranar hutu? Ɗalibi daga Yanbu.

AMSA: Akwai, Olympus TG-6 ta 2019 ko ƙanwarta TG-7 ta 2023. Tana jure ruwa har mita 15 babu akwati, tana ɗaukar RAW, kuma tana kama abu daga santimita 1, da yake cikin ruwan take shiga babu ruwanta da matsalar gilashi. Sensarta ƙarama ce, megafiksel 12, a haske kaɗan hoton baya kai na babbar kyamara amma na waya da intanet ya wadatar. In ka dawo daga teku ka jiƙa ta a ruwan daɗi ta bushe kafin ka buɗe murfin batir, kuma kar ka tsoma ta a tanki sai ka wanke ta da hannunka tas, man shafawa da sabulu suna cutar da murjani, kuma zaka iya kwaso wata cuta daga teku ka kai wa na gida. A tekun kuma hoto kawai zaka ɗauko, kar ka taka murjani kar ka ɓallo ko ɗan yanki, doka ta hana cirewa babu izini.