Hajiya, ki daina canza wa yajinki riga

Wata Hajiya mai sana'ar yaji da ƙuli-ƙuli a Gombe ta aiko da tambaya. Ɗan yayarta ne ke zana mata tambarin leda a waya, kyauta, kuma a shekara guda sun canza shi sau 3, ciniki bai motsa ba. Yanzu wani mai zane ya nemi naira 150,000, ya ce kuma ba zai zana komai ba sai ya wuni a shagonta ya ga masu saye. Tana so ta san ko damfara ce, da ko sabon tambari zai kai kayanta manyan kantunan Abuja.

Hajiya, bar maganar Abuja tukuna. Kantunan can lambar NAFDAC za su fara tambaya, ba hoto ba. Abin da ke cinye ki shi ne canje-canjen nan.

Wa ke sayen yajinki? Yawanci yaro ake aikowa. Uwarsa ba ta faɗa masa sunan kamfani, cewa take yi, "Je ka sayo mai jar leda, mai hoton tukunya." Yaro ya iso, ya tarar leda ta koma kore da hoton rawani, sai ya wuce shago na gaba. Sau 3 kika kori mutanenki da hannunki, don ɗan yayarki ya ga sabon salo a Instagram kuma kina jin nauyin ce masa a'a.

Na san wani mai man gyaɗa da ya shekara da shekaru yana manna rawayar takarda a galan. Ɗansa ya dawo daga makaranta ya ce takardar ta ƙauyawa ce, aka sauya ta da baƙa mai ruwan zinare. Man bai canza ba, amma mata suka ce jabu ne. Sai da ya koma rawayarsa, ga damin sabbin takardu ya biya kuɗinsu suna jibge a sito.

Dubi MTN da rawaya, Glo da kore. Ko daga kan babur kika hango lemar mai sayar da kati, kin san ta wa ce. Alamar Nike kuwa, wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971 a kan dala 35. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya riƙe ta.

Shi mai zanen da ya ce sai ya zauna a shago, wannan sharaɗin ne ma ya sa na yarda da shi. So yake ya ji da kunnensa yadda ake kiran kayanki, ya gina a kan abin da mutane suka riga suka sani. Wanda zai turo miki zane 10 a daren da kika kira shi, kwafowa ya yi.

Ki yi ciniki, ki biya rabi tukuna. Ya buga samfuri a ainihin ledarki, ki ajiye a rana da ƙura na mako guda, ki ga ko launin zai koɗe. Ki duba ko ana gane alamar a ɗan hoton WhatsApp. Kafin cikon kuɗi, ya miƙa miki asalin fayil ɗin zanen, in ba haka ba duk ranar buga leda sai kin nemo shi. Kuma rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambari, ta tambari rajista ce daban a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya.

Ɗan yayarki kuwa, kada ki kore shi. Ki ba shi aikin ɗaukar hoton kaya da amsa saƙon masu saye, ki riƙa biyansa, amma kada ya sake taɓa ledar.