Rigar jami'ar Amurka: yadda za ka gane ta asali kuma ta daɗe

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka na son rigar ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Michigan, mai shuɗi da ruwan ɗorawa, kana tsoron jabu, kana kuma tambayar yadda ake wanke ta.

Fara da duba tambarin kamfani. Tun 2016 'yan ƙwallon Amurka (American football) na Michigan kayan Jordan suke sawa, na ƙarƙashin Nike.  Idan rigar sabuwa ce, nemi 'yar takarda mai ƙyalli ta lasisin jami'o'i a jikinta. A gwanjo, kamar na Ƙofar Wambai, da wuya ka tarar da wannan takarda, sai dai ka juya rigar ka duba ɗinki. Ta asali ɗinkinta a miƙe yake, babu zare yana reto, harafin M ɗin, tambarin Michigan, bai karkace ba. Ni dai na fi yarda da ta gwanjo mai kyau a kan sabuwa mai arhar da ta wuce hankali.

Wanki ne ke kashe irin waɗannan riguna. Juya ta ciki waje, ka wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan, kada bilic ya kusance ta. Kada ka murɗe wajen lambar, don sau da yawa da zafi ake manna ta, tsagewa take yi. Shanya a inuwa, rana na cinye launi. Guga kuwa, in ya zama dole, ɗora ƙyalle a kai tukuna, kuma ka gaya wa mai wanki haka da bakinka.