Ka shiga harkar sautin katun, amma ka bar jarin shago inda yake

Wani ƙanenmu mai shagon caja da iyafis a wajen Ƙofar Ƙaura ya turo min tambaya, ya ce wasu samari masu yin katun na Hausa suna ɗorawa a YouTube sun ba shi aikin sa musu sauti har sau biyu, irin ƙarar taku da faɗuwa da buɗe ƙofa, a waya ya haɗa kuma sun yaba sosai, yanzu ya kwashi adashe dubu 600 yana tunanin ya haɗa da rabin jarin shago ya buɗe situdiyo. Wai ya shiga ko ya haƙura?

Ƙanena ka shiga, wallahi sana'a ce mai kyau kuma na ji daɗi da ɗan Katsina ya hango ta. Amma jarin shagon nan kar ka taɓa ko sisi.

Ga dalilina. Buƙatar tana nan, don katun zane ne kurum, ba ya zuwa da sauti ko ɗaya, ko tari ɗan tsanan ya yi sai wani ya zauna ya ƙirƙira masa. Matsalar ita ce masu ba ka aikin yawancinsu su ma fafutuka suke, YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, to wanda bai kai nan ba daga aljihunsa zai biya ka, yau akwai gobe sai haƙuri. Shagon nan shi zai riƙa ciyar da gida kafin wannan ta tsaya da ƙafarta. Na san wani yaro da ya narka kuɗinsa a soso na bango da esi da tebur mai walƙiya, ɗaki ya yi kyau amma wata uku babu wanda ya leƙo, har yau abin yana min ciwo in na tuna.

Kuma aikin nan asalinsa ba na kayan tsada ba ne. Mutumin da ake kiran sana'ar da sunansa, Jack Foley, a kamfanin Universal na Amurka ya yi aiki tun ƙarshen shekarun 1920, yana kallon hoto yana taka ƙasa yana motsa tarkace daidai da motsin ɗan wasa. Masu wannan sana'a a can ɓawon kwakwa suke bugawa ya ba da sukuwar doki, kai ƙoƙo biyu za ka kifa a kan tire mai yashi ka riƙa ƙwanƙwasawa. Leda in ka murza ta a hankali kusa da makirfo sai ka rantse wuta ce ke ci, rake in ka karya shi ƙashi ne ya karye. Sannan kalangu, ka samu makaɗi ya buga sau ɗaya ya matse tsarkiyar, sautin nan da ke tashi sama shi ne daidai lokacin da ɗan tsana ya zabura ko ya zame, kuma kunnen yaron Bahaushe ya riga ya san shi.

Nan ne kuɗinka yake. Masu katun ɗinmu daga intanet suke sauke sauti, sai ka ga an zana ƙyauren langa-langa amma ƙarar ta ƙofar katako ce ta gidan Turawa, kunne ya ƙi yarda. Kai kuwa kana zaune cikin abin da ba su da shi. Faɗawar guga a rijiya, luguden mata a turmi, kukan amalanke, hayaniyar kara a kasuwar Mai'adua ko Charanci, kakaki da takun dawaki ranar hawan sallah a Ƙofar Soro. Ka riƙa ɗauka kana tarawa, inda muryar mutum za ta fito sarai ka nemi izininsa tukuna. Wannan rumbun shi ne hajarka, sau ɗaya za ka sha wahalarsa ka yi ta cin moriya.

Abin saye kaɗan ne, ƙaramar rikoda irin Zoom H1n, hedifon mai rufe kunne, laftof ta hannu mai lafiya da hadis (hard disk) na ajiya. Manhajar Audacity ta gyaran sauti kyauta ce. Ɗaki kuma ka jingina katifa a bango ka rataya barguna, ka yi ɗauka da dare bayan maƙwabta sun kashe janareto. Ka ajiye sautin a tsarin fayil na WAV 48kHz, kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura a dokumen don kar ya matse shi. Ragowar adashen ka killace.

Yanzu maganar ciniki, inda yaranmu suka fi faɗuwa. Ka daina cewa "a ba da abin da ya sauƙaƙa". Ka auna awa nawa minti ɗaya na katun ke cinye maka, ka duba abin da kake samu a shago cikin waɗannan awannin, farashinka na minti kar ya gaza haka. Rabin kuɗi kafin alƙalami, samfurin da za ka fara turawa ka sa muryarka tana ratsawa a ciki, sai an ciko ka saki mai tsabta. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. Kuma ka rubuta musu ko a saƙo ne cewa izinin amfani ka ba su a wannan fim ɗin, sautin yana nan naka, in suna son ya zama nasu su kaɗai to farashinsa daban.

Don Allah kar ka yanko sauti daga katun ɗin waje ka sayar, haƙƙin wasu ne, kuma ranar da aka kai ƙorafi YouTube ya taɓa tashar kwastomanka sunanka ne zai ɓaci. Ko a Freesound, shafin da ake sauke sautuka kyauta, ka duba lasisi, mai CC0, wato wanda mai shi ya sakar wa kowa, ba matsala, wani kuwa an hana kasuwanci da shi.

Kar ka tsaya kan masu katun kawai, akwai masu tallan rediyo da 'yan barkwancin TikTok, su kuɗinsu ya fi saurin fitowa. Ka buɗe wa harkar littafinta daban da na shago, bayan wata shida mu duba tare, in ta mayar da kuɗin kayan da ka saya sai mu yi maganar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da kama ɗaki. A satin nan dai ka karɓi minti ɗaya na katun ɗin samarin nan ka cire duk sautin intanet ka sa namu na gida, ka turo min in saurara.