Tambaya da Amsa: Baƙin shafen da ke jikin allurar nozul

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanike ne, gyaran nozul ɗin injin dizal, wato abin da ke fesa mai a cikin injin, shi ne sana'ata. Wasu allurai suna zuwa da baƙin shafe mai sheƙi. A jikin wata sai ya yi shekaru bai goge ba, a jikin wata kuma ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Fenti ne? Daga wani makanike a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba fenti ba ne, kabon ne, sinadarin da ke cikin gawayi. Shi ne bakin fensir, shi ne kuma daimon. Bambancin yana ga yadda ƙwayoyinsa suka riƙe juna. Masana'antu suna kiran shafen DLC, wato kabon mai kama da daimon, kuma masu bincike biyu, Aisenberg da Chabot, su ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1971. Kaurinsa yawanci maikuron 1 zuwa 3 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashi ɗaya yakan kai 70.

A cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska ake yinsa. Sau da yawa asetilin ake saki a ciki, iskar nan da masu walda ke samu daga kabaid. Wutar lantarki ta farfasa ta, ta harba kabon ɗin kan allurar.

Ka taɓa ganin ana daɓen ɗaki? Haka abin yake. Bugu in bai yi ƙarfi ba, ƙwayoyin ba sa shiga juna, shafen ya fito da laushi. In ya kai wajen ilektron-bolt 100 (ma'aunin ƙarfin bugun ke nan) ga kowace ƙwaya, sai su cushe su yi riƙo irin na daimon. In aka zarce sosai, ko ƙarfen ya yi zafin da ya wuce digiri 200 da wani abu, sai ya koma halin bakin fensir. Yawan haidurojin, sinadarin da ke tare da kabon a cikin asetilin, shi ma yana rage masa tauri.

Ɓarewar kuwa, abin da na fi so ka gane ke nan. Cushewar da ta ba shi tauri ita ce take barin matsi mai tsanani a cikinsa, kullum yana neman ɗagowa. Shi ya sa ake fara kankare ƙarfen da iskar argon, a shimfiɗa siririn kuromiyam ko silikon a ƙasa don ya kama. Wanda ya yi gaggawa a nan, ko ya cika kauri, kayansa ne kake gani suna ɓarewa.

Don Allah kada ka sa wa irin wannan allura sanfefa, shafen za ka cire. Wadda ta fara ɓarewa, canza ta.