Kafin ka taurara ƙafar mota

Ka tambaye ni a kan Corollar nan ta 2010 da saurayin nan ya kawo. Yana so ta daina kwantawa in ya sha kwana, ta riƙe hanya in ya taka ta a titin Zariya, amma ba ya so ta koma tana dukan ƙugu, don da ita yake ɗaukar mahaifiyarsa. Kai kuma a ganinka a sa mata gajeren sifirin mai tauri da rim 17, kamar waɗanda kake gani a waya. To ajiye sufanar nan, ɗana, ka ba ni kunnenka.

Motocin da kake gani an zaunar da su ƙasa, a filin tsere ake gudu da su, kwalta sumul, ko tsakuwa babu. A can tauri yana da rana. A nan fa? Taya ce ke riƙe mota a kwana, ita kuwa ba ta riƙe komai sai tana manne da ƙasa. In ƙafa ta yi tauri fiye da kima, mota ta hau gargada a tsakiyar kwana, tayar tsalle za ta yi, kuma a ɗan lokacin da take sama sitiyari ba shi da iko, birki ma haka. Direba ji yake motarsa ta ƙanƙame, alhali zamewa take yi kaɗan-kaɗan. Dubi mai tallar nono da ƙwarya a ka in tana sauka gangare: gwiwa ce ke ta aiki, ƙwarya tana nan ƙyam. Ka ɗaure mata gwiwa ka ga inda nonon zai kwana.

Ku yaran yanzu ba ku yi zamani da Fijo 504 ba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin a 1975. Ƙafarta laushi gare ta, tayar tana da wurin hawa da sauka mai yawa, a kwana har takan ɗan rusuna. Amma a wannan shekarar ta 1975 ita ta ci gasar Safari ta Kenya, a kan burji da laka da duwatsu. Mota mai tsalle-tsalle ba ta cin wannan gasa.

Sai ka raba aikin abubuwa biyu a kanka, don nan ne yawancin masu gyara ke haɗe su. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan an wuce rami. A cikinta mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk sanda taya ta hau ko ta sauka sai man ya matsa ta cikin ƙofofin nan, wannan matsin ne ke kashe lilon. Masu gas an cusa musu iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa in ya ɗau zafi, saboda mai mai kumfa ba ya riƙe komai. Shi ya sa za ka ji direba yana cewa da safe motarsa lafiya lau, amma kafin ya kai Kaduna ta fara yawo da shi a hanya.

Wannan Corollar ma ban yarda ƙari take buƙata ba tukuna. Ɗaga ta a jak ka duba. Irin waɗannan motocin da ke shigowa ta Kwatano, da yawa da shokazobar da suka fito da ita daga kamfani suke zuwa, ta gaji tun kafin ta ga ramukanmu. Shafa jikin shokazobar: in ka ji damshin mai ƙura ta manne a kai baƙi ƙirin, ta gama aiki. Sa ƙarfe ka ɗan banƙara lowa-am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, ka kalli robar bushin da ke mahaɗarsa, ko ta tsattsage, ko ta rabu da ƙarfenta. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama, ka ji ko bol-join, mahaɗar da taya ke juyawa a kanta, ko tayarod, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, na da wasa. Shafa bayan tayar da tafin hannu. In ka ji ta ci tudu-tudu, tsalle take yi a hanya. Mai mota bai san yadda motarsa take tana sabuwa ba, tun da a gajiye ya same ta. Ka mayar masa da ita yadda kamfani ya yi ta, sau da yawa shi da bakinsa zai ce an canza masa mota.

In kuwa za a kashe kuɗi a wuri ɗaya, a kashe su a shokazoba. Mai kyau ana tsara ƙofofinta ta yadda za ta riƙe jikin mota in yana jirkicewa a hankali, kamar a kwana ko a taka birki, amma ta saki in duka ya zo farat ɗaya, kamar bakin rami. Abin da saurayin nan ke nema ke nan ba tare da ya san sunansa ba. KYB Excel-G, ko Sachs, ko Monroe, duk suna kusa da ta asali. Bilstein B6 ta fi su riƙo kuma da sifirin na asali ake sa ta, sai dai za a ji hanya a jiki fiye da da, ga tsada, kuma ba kowace mota ake samar wa ba. Ga mai ɗaukar tsohuwa, ni na farkon zan zaɓa. Bibbiyu ake canzawa, gaba biyu ko baya biyu, har da robar saman da robar da ke tare ƙura. Kar ka raina robar ƙurar nan. Hazon hunturu in ya samu sandar a buɗe, shi ke cinye sil, mai ya tsiyaye.

Ka kuma buɗe ido in an aike ka sayen shokazoba a kasuwar Ƙofar Ruwa. Akwai na gwanjo da aka wanke aka fesa wa fenti, akwai jabu a cikin kwali mai suna. Tsayar da ita a miƙe, ka danna sandar har ƙasa ka saki. Mai gas za ta taso da kanta a hankali, ba tsayawa ba fizga. In ka ji wani wuri da sandar ta faɗa fayau ba turjiya, ajiye musu kayansu.

Batun rim 17 kuwa, lissafi ne kawai. Taya 195/65 R15, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato wajen milimita 127. Ta 205/55 R16 tana da 113. Ta 215/45 R17 da kake so, 97. Wannan gefen shi ke fara shan duka kafin sifirin ya ji labari. Ka rage milimita 30, ka shiga rami ɗaya da gudu, taya ta yi ƙulu, rim ya lanƙwashe. In yana son sitiyari ya ƙara kaifi, ya tsaya a 16 da taya sabuwa mai suna. Karanta lambobi huɗun nan na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, su ne lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, komai kyan zanenta ta tsufa. Sannan iska. Takardar da ke manne a bakin ƙofar direba 30 zuwa 32 ta ce, amma mai faci sai ya ɗura 45 ko 50 ya ce ta fi gudu. Rabin masu kukan mota na dukansu, iska ce ta yi musu yawa.

Kwantawar da yake kuka da ita, hana ta aikin sandar sitabilaiza ne, wadda ke haɗa ƙafar hagu da ta dama. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ruwanta. Sai in gefe ɗaya ya nutse ɗaya ya tashi take murɗewa ta yi gardama. Fara da canza robobinta da linkej, kuɗi kaɗan ne. In an ce a ƙara kauri, a yi hattara, don ƙarfinta ba a hankali yake hawa ba: daga milimita 20 zuwa 22 kawai, taurin ya ƙaru da wajen kashi 46 cikin ɗari. Kuma a mota mai ja da gaba, ka ƙara ta gaba sai hancin ya ƙi shiga kwana, ka cika ta baya sai gindin ya nemi wuce ka ranar da aka yi ruwa.

Gajeren sifirin na kamfani yakan sauke mota kamar santimita 3. Motar da dama tsakaninta da ƙasa wajen santimita 15 ne, ka zuba mutum biyar da buhun shinkafa a but, ka nufi tudun rage gudun da 'yan unguwa suka gina da kansu. Salansa ce za ta ba ka amsa. Yanke sifirin da giranda ko gasa shi da wutar walda kuwa, kar in taɓa gani a garejin nan.

In ka zo ɗaurawa, sai da abin matse sifirin, ba da igiya ba, don in ya kuɓuce ba ya tambayar fuskar wa ya samu. Kusoshin lowa-am kar ka ƙarasa ɗaure su mota tana rataye a jak. Sauke ta nauyinta ya zauna a kan taya, sannan ka ƙarasa, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ta yage tun ba a je ko'ina ba. Daga nan a kai ta alaimen, a daidaita saitin tayoyin. Je ka ɗauko jak, mu fara da gaban dama, can na ji tana ƙwanƙwasa da ya shigo.