Gwada hotunan kyamara biyu ba tare da an zalunci ɗaya ba

Ka ce ka buɗe hoton kyamara mai megafiksel 24 (megafiksel ɗaya fiksel miliyan ne, wato ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su zama hoto) da na mai 45 a kan 100%, wato kowanne a cikakken girmansa a allo, sai ka ga na 45 ya fi ɗige-ɗige, kana tambaya ko ƙaramar ce ta fi. A'a ɗan'uwa, ma'aunin ne ya karkace. Hoton 24 faɗinsa fiksel 6000 ne, na 45 kuwa ya haura 8000, don haka a 100% ka fi kusanto da babban, dole aibinsa ya fi fitowa. Ka rage shi zuwa 6000, ko ka buga su a takarda girma ɗaya, sannan ka jera su gefe da gefe.

Sharaɗi ɗaya: ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ba JPEG da ta riga ta gyara ba. Na taɓa kwana uku ina yabon wata kyamara saboda hotonta sumul, ashe ita ce ke goge ɗige-ɗigen da kanta, har zaren rigar da na ɗauka ya narke kamar an shafe shi da yatsa. Da na buɗe RAW ɗinta da na kyamarar da nake gwada ta da ita a manhaja ɗaya, na kashe gyaran, tazarar ta kusa ɓacewa. Ka kafa su a kan sanda mai ƙafa uku, haske ɗaya, ISO (ma'aunin ƙarfin karɓar haske) ɗaya, lensi ɗaya in zai yiwu, ka duba wuraren inuwa a cikin hoton, don can ne bambancin sensa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske, ke ɓuya.