Amsa ga Malamar da ɗalibanta ke hamma a darasin sauyin yanayi

Malama, da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi jim. Kin ce 'yan SS2 ɗinki hamma suke yi da zarar kin fara batun sauyin yanayi da guguwa, har wani ya ce miki ruwa da iska ikon Allah ne, bincike na mene ne. Wallahi na sha irin wannan. Shekarata tara ina koyar da labarin ƙasa a nan gefen Mile 12 a Legas.

Ni ranar Laraba 3 ga Yuli 2024 ce ta sauya mini salon koyarwa, ranar da aka tashi da ruwan nan har titin Iyana Oworo ya koma kogi. Yara bakwai kacal suka zo ajina. Wata ta shigo riƙe da takalminta, siket ya jiƙe har ƙugu. Ta buɗe jaka ta zaro littafin rubutunta na shekara guda, tawada duk ta narke, ga jarrabawa ta ƙarato. Ko kuka ba ta yi ba, sai goge shi take da bakin hijabi.

Washegari na fita da su bakin kwatar bayan makaranta, su ga ledar fiya wata da gorunan lemo da suka toshe ta. Sai mai makarantar ya kira ni ofis, a gaban iyayen yara, ya ce ba don in kai 'ya'yan mutane kallon shara yake biyana ba. Ya yanke mini kuɗin kwana biyu. Mutumin da iska ta yaye rufin ajin JS1 tun Afrilu ya ƙi gyarawa, leda aka shimfiɗa, yara na matsar da benci in hadari ya haɗo! Ko zama bai ce in yi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To 'yar'uwa, ki daina farawa da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Tambaye su ina ruwa ya kai a ɗakinsu bara, za ki ga hannuwa sama. Daga nan ki shigo da hayaƙin fetur da dizal da janareto, yadda iskar kabon ke taruwa tana riƙe zafi. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan ke sauka da ƙarfi lokaci guda. Ni butar shayi nake kawowa da faranti mai sanyi, su ga tururi na komawa ɗigon ruwa. Amma ki gaya musu gaskiya, ba komai ne sauyin yanayi ba. Legas a kwance take a bakin teku, an cike fadama an yi gini, mu nan kuma in aka saki madatsar Oyan, kogin Ogun har gida yake same mu.

Yaron nan da ya ce ikon Allah ne, don Allah kada ki yi masa tsawa, gaskiya ya faɗa. Tuna masa Annabi Yusuf da tanadin hatsi na shekara bakwai.

Ki yi a hankali in za ki kawo ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko ta Mokwa a Mayu 2025. Na taɓa ambaton Mokwa, wani yaro ya kifa kai a tebur, ashe kawunsa na ciki. Ban sani ba wallahi.

Ki riƙa karanta musu hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a aji. Su sa littattafai a leda, kada su fake gindin bishiya in ana tsawa, kada su taka ruwan da ke kusa da turken wuta. In kina son takardun darasina, yi mini magana ta akwati in turo miki.